Shekarar Jubili, Gonarmu da Tukunyarmu: Jawabin Bikin Cikar Ikkilisiya Shekara 50

 

Tarihin wannan ikkilisiya, da sunayen bayin Allah waɗanda suka yi hidima a cikinta, an riga an rubuta su a wasu shafuka na wannan ɗan littafi, ba za mu maimaita ba. Abin da kwamitin shirye-shirye ya ɗora mana shi ne mu yi magana a kan ma'anar jubili. Yau idan aka ce jubili, abin da yake zuwa a ranmu shi ne anko, da waƙoƙi, da yanka sa. Waɗannan duka suna da kyau, gama Allah ya isa a yi masa murna. Amma idan muka buɗe Littafin Firistoci sura 25, inda maganar ta fara, za mu tarar yawancin surar a kan gona take.

An umarci Isra'ilawa su nomi ƙasa shekara shida, a ta bakwai su bar ta ta huta. Sa'an nan su ƙirga bakwai sau bakwai, wato shekara 49, a ta 50 kuwa a busa ƙaho ko'ina a ƙasar. A wannan shekara wanda talauci ya sa ya sayar da kansa ga ɗan'uwansa yakan sami 'yanci, wanda ya sayar da gonar gado takan komo hannunsa, ƙasa kuma ta sāke hutawa. Dalilin yana cikin aya 23: ƙasa ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta, saboda haka ba mai ikon sayar da ita har abada. Littafin Tarihi na Biyu, sura 36, ya ƙara mana wani abu mai ban tsoro. Sa'ad da aka kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila, marubucin ya ce a cikin shekara 70 ɗin nan ne ƙasar ta sami hutun da ya kamace ta. Wato abin da ba a ba ta da daɗi ba, ta karɓa bayan an fitar da masu ita.

Kada wani ya koma gida ya ce fasto ya hana noma bana. Ba mu ce haka ba. Mu ba a ƙarƙashin shari'ar Musa muke ba, wanda kuma yake da 'ya'ya goma da gona ɗaya ba shi da halin barin ta shekara guda. Amma Allahn da ya ba da wannan doka bai sāke ba. Tun a Farawa sura 2 aya 15 aiki biyu ya ba mutum a gonar Aidan: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Na farkon kam ba mai koya wa mutanen wannan yanki. A kan na biyun muke so mu tsaya.

Dattawan da suke zaune a gaba sun san irin lokacin da aka kafa wannan ikkilisiya. Ba a daɗe da fita daga babban farin nan na 1972 zuwa 1974 ba, wanda ya fi tsanani a 1973, lokacin da mutane da dabbobi suka yi ta gangarowa daga arewa suna neman abin sawa a baka. A 1975 kuma ciwo ya faɗa wa gyaɗa, wanda yana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Ku tambayi iyayenmu mata abin da ya riƙe gidaje a waɗannan shekaru sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Za su ce muku kwaɗon tafasa, da rama, da yaɗiya, da zogale, da garin ɗorawa da ake damawa a ba yara, da ɗinya, da kanya, da 'ya'yan kaɗanya da mai noma yake tsinta da safe ya kashe yunwa kafin a kawo kunu. Ba wanda ya shuka yawancin waɗannan. Allah ya ajiye su a bakin gona da jeji, kakanninmu kuma suka bar su a tsaye. Wannan shi ne rumbu na biyu, wanda ba a gina shi da laka ba, shi ne kuwa yake buɗewa daidai lokacin da na farkon ya ƙare.

A 1975 ɗin nan ne kuma aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Takin zamani ya shigo da araha, aka kawo sabon irin masara, aka yi hanyoyi. Dole mu faɗi gaskiya, an ga alheri. Da kuɗin masara da auduga aka sa kwano a gidaje da yawa, aka biya kuɗin makarantar waɗanda yau suke malamai da ma'aikatan asibiti, da baikon masara kuma aka ɗaga bangon da muke zaune a cikinsa. Sai dai masara ba kamar dawa da gero ba ce. Dawa tana haƙuri da maigida ko ba shi da ko kwabo, masara kuwa in ba ta ga buhun taki ba, ba ta san ka ba. A hankali gonakin dawa, da gero, da maiwa suka ragu. Mutane suka yi yawa, gonar gado aka yi ta rabawa, barin gona saura ya zama labari. Ga shi yanzu rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, nauyi duka ya komo kan na kusa da gari. Inda kuka ga wuta-wuta ta yi fure ta rufe gona, ƙasar ce take faɗa muku ta gaji.

Yanzu bari mu zo ga abin da muke so kowa ya tafi da shi. Me ya sa a dā ba a sare ɗorawa? Ba don akwai ma'aikacin gandun daji a kowane ƙauye ba ne. Dalili shi ne, kowace ɗorawa tana da mai ita, kowane gida kuma yana bukatarta. Daga jikinta ake samun kalwa a yi daddawa, a sha garinta, a jiƙa ɓawonta a yi makuba ta daɓe da shafen bango. Mutumin da ya ɗauki gatari ya nufi ɗorawa, kafin dagaci ya ji, matarsa ta riga ta tare shi a ƙofar gida. Haka kuka, haka tsamiya, haka kaɗanya. Tukunyar miya ita ce ta yi gadin itatuwan nan shekara da shekaru.

To, ranar da daddawa ta fita daga tukunya, magi ya shiga shi kaɗai, ɗorawa ta rasa mai kāre ta. Ranar da man kaɗanya ya zama abin kunya, kaɗanya ta zama gawayi. Mai gawayi yakan zo da kuɗinsa a hannu a watan da gida ba ko mudu, ya saya a tsaye, kwana kaɗan sai ka ga buhuna a bakin titi suna jiran motar birni. Kaɗanya kuwa takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Abin da ya yi shekara 50 yana ciyar da gida, a wuni ɗaya ake kayar da shi, kuɗinsa kuma ba ya kai wata. Kirya da marke sun yi wuyar gani. Madobiya kuwa an yi ta kwasarta daga dazuzzukan ƙasar nan ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu. A Maimaitawar Shari'a sura 20 an hana sojan Isra'ila sare itace mai ba da 'ya'ya ko da suna yaƙi da garin. Abin da aka hana a yi wa abokin gāba a lokacin yaƙi, bai kamata mutum ya yi wa jikokinsa a lokacin salama ba.

Ba muna zagin mai gawayi ba ne, ko matar da take neman itacen girki, gama ba wanda zai ci ɗanyen tuwo. Kalanzir ya fi ƙarfin talaka, gas kuma bai iso ƙauye ba sai a gidaje ƙalilan. Amma akwai bambanci tsakanin sassabe reshe da kashe uwa.

Akwai kuma maganar aljihu. Ku duba yadda kuɗi yake fita daga garin nan. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, a kai masara da wake kasuwa. Da kuɗin a sayo taliyar leda, da burodi, da lemon kwalba, da shinkafar waje. Da bazara kuma a koma kasuwa a sayi hatsin nan da aka sayar, da tsada. Mafi yawan alkamar da ake burodi da taliya da ita a Nijeriya daga ƙetare ake kawo ta. Shi ya sa da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren a 2022, mutumin da bai taɓa jin sunan Yukren ba ya ji a jikinsa, a wurin mai shayi da kuma wurin mai sayar da taki. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, duk abin da yake zuwa a mota ya bi shi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A waɗannan shekaru kowa ya ga gidajen da suka fi samun sauƙi: waɗanda suke da dawa a rumbu, da wake, da zogale a bayan ɗaki, da 'yan kaji da awaki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yusufu ma a Masar bai ceci mutane da abincin wata ƙasa ba. Kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar ya yi ta tarawa a shekarun ƙoshi.

Abin da ya fi damunmu shi ne kunya. An kai ga idan baƙo ya zo, uwargida ta ba shi haƙuri don tuwon dawa miyar kuka ta tarar da shi. Yaro ya je makarantar kwana ya dawo yana ce wa dambu da fate abincin ƙauye. Amma waɗanda suke birni, likita yana ce musu su rage sukari da gishiri da farar fulawa saboda hawan jini da ciwon sukari, su ne suke aiko mana a nemo musu gero, da acca, da garin kuka, da daddawa mai kyau. Dunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne. Daddawa kuwa, banda ɗanɗano, tana da abin gina jiki. Ganyen kuka da na zogale suna da abubuwan da suke ƙara jini da ƙarfin ƙashi. Kunun gero da aka haɗa da gyaɗa ko waken soya ya fi biskit amfani ga yaron da aka yaye, nesa ba kusa ba. Daniyel da abokansa a fādar Babila sun roƙi a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa, aka kuwa same su sun fi masu cin abincin sarki kyan gani. Mun san dalilinsu na tsarki ne, ba na asibiti ba, amma matasa su lura: ba su ji kunyar abincinsu a gaban manyan Babila ba.

Kada a ɗauka muna gāba da sabon abu. Masara, da rogo, da gyaɗa, da barkono, asalinsu daga nahiyar Amurka suke. Mangwaro da darbejiya daga wajen Indiya. Awara ba kakanninmu suka san ta ba, ga ta yau tana ciyar da yara tana kuma ba mata jari. Duk abin da ƙasarmu ta karɓa, muka iya nomansa da hannunmu, ya zama namu. Wanda zai ci shinkafa ranar Kirsimati ya ci da godiya, in ta fadamarmu ce ma ya fi.

Sai maganar guba, wadda ba za mu wuce ta ba ko da za ta ɓata wa wasu rai. Maganin feshi ya rage wahalar noma, ba mu musu. Amma lalo, da gasaya, da tafasa, da karkashi da mata suke tsinka a tsakanin kunya, feshi bai san su da ciyawa ba, duka yake ƙonewa. Wasu suna feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, su wanke tankin a rafin da ake sha, jarkar kuma a ɗauraye a zuba mai ko nono. Mafi muni shi ne zuba maganin ƙwari a cikin wake don ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a ciki. Waken da Bature ya ƙi, ina ya tafi? Cikinmu da na 'ya'yanmu. Mai bi wanda ya zuba guba a abin da maƙwabcinsa zai ci, sa'an nan ya kawo zakkar kuɗin a gaban bagade, sai ya sāke karanta doka ta biyu da Ubangiji ya ce tana kama da ta fari. Ga shi kuwa akwai mafita. Iyayenmu suna ajiye wake da toka, ko yashi, ko barkono. Yanzu akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda da kyau, ƙwaro yakan mutu don rashin iska, ba a sa ko ɗigon magani ba. Durom ko jarka mai murfi da ba ta shan iska ma tana yin wannan aiki.

Ta leda kuwa ba sai mun daɗe ba. Duk wanda ya taɓa yanka akuyar da take ta ramewa ya ga abin da aka ciro daga tumbinta.

Wani zai ce, to, abin da ya tafi ya tafi. Ba haka ba ne, shaidarmu kuwa tana nan kusa, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wurin Hausawa 'yan'uwanmu, inda ruwan sama bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 gonakin wajen sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, a 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace shekara kafin shuka ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya koya wa manoma ba shi da wuya: a kowane kututture a zaɓi toho mafi ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, a cire sauran, a rage ƙananan rassa, a hana wuta da gatari. Da fari mutane ƙalilan suka yarda, aka yi ta yi musu dariya, gama a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda ba ko itace ɗaya. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka shiga, da rabon ya ƙare kuma da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki, da abincin dabbobi, da gero mai kyau, maƙwabta suka yi ta kwaikwayo. Suka sa wa abin suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, an maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ba da kuɗin gwamnati aka yi yawancin wannan ba, da wuƙa da lauje ne da haƙuri.

A cikin itatuwan da suka komo har da gawo, wanda Allah ya yi shi dabam: da damina yakan zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar taki a gindinsa. Kowane tsohon manomi ya san geron gindin gawo. Haka kuma ya san amfanin sa wake da gyaɗa a tsakanin dawa, gama saiwarsu tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da kai takin gida gona a kan jaki, da yadda a dā manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, ya ba shi dami, shanu su bar masa taki. Mun san zaman ya yi tsami a wurare da yawa, mun kuma san akwai waɗanda suke zaune a nan da raunin da bai warke ba. Duk da haka inda sauran amana take, kada a bari ta mutu, gama ƙasa tana bukatar wannan tsohuwar ma'amala.

Saboda haka muna da roƙo. Iyayenmu maza, bana idan kun fita sharar gona, ku duba kututture kafin ku sa wuta. Ku bar ko goma a kowace gona, ku gyara su, mu ga abin da Allah zai yi kafin shekara uku. Iyayenmu mata na Zumunta, a cikinku akwai waɗanda suka iya daddawa da man kaɗanya tun daga tsinta har kasuwa, yawancinsu kuwa sun manyanta. Muna roƙo ku keɓe wasu ranakun taronku su koya wa 'yan mata, tun suna da ƙarfin tsayawa a kan tukunya. Dattawa, filin ikkilisiya yana da faɗi. A kewaye shi da zogale, a dasa ɗorawa, da tsamiya, da kuka, a ba kowane aji na makarantar Lahadi nasa ya yi ta ban ruwa har damina ta karɓa. A lokacin godiyar kaka kuma, kada a kai dukan baikon hatsi kasuwa nan da nan. A ajiye wani kashi a rumbun ikkilisiya saboda gwauraye da marayu a watan Yuli da Agusta, a kuma ware iri na dawa da gero da wake irin namu na gargajiya, don wanda nasa ya ƙare ya ara ya mayar da kaka.

Ranka ya daɗe Hakimi, wannan aiki ya fi ƙarfin ikkilisiya ita kaɗai. Wutar daji ba ta tambayar gonar Kirista ce ko ta Musulmi, rafi ɗaya kuma muke sha. Idan aka sami doka daga bakinka a kan sare itatuwa masu 'ya'ya, da ƙona jeji don farautar gafiya, da zuba magani a ruwa don kama kifi, za mu sanar da ita daga bagade, mun kuma tabbata malamai za su sanar a masallatai.

Mata sun gaya mana cewa abincin da za a ci bayan sujada, dawar, da waken, da kukar, da daddawar, har da san da aka yanka, duka daga cikin garin nan suka fito. Baƙinmu na birni, kada kowa ya tafi bai ci ba. Ubangiji ya albarkaci ikkilisiyarsa, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.